Idan aikin wani ya danne saba: yadda ake gano shi, a sanar da mai shi, sannan a tsayar da shi

Ka ce an danƙa maka kula da wata saba ta Linux, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima, wadda mutane da yawa ke shiga daga nesa ta hanyar da ake kira SSH, ta fara nauyi, kuma kana zargin aikin mutum ɗaya ne ya danne ta. Wani ya ce maka ka buga `kill -9` kawai a wuce wurin. Kana so ka san umarnin da ake bi a gano aikin, a tsayar da shi ba tare da ɓarna ba, a kuma aika wa mutanen da ke ciki saƙo.

Ɗan'uwa, kada ka fara da `kill -9`, umarnin kashe aiki da ƙarfi nan take. Shi ne mataki na ƙarshe, kuma sau da yawa ba a ma kaiwa gare shi. Aikin da kake gani yana cin CPU wataƙila lissafi ne da mai shi ya kwana biyu yana jira, ya rage saura awa guda ya kammala. Akwai hanyar sassauta shi, akwai hanyar daskarar da shi na ɗan lokaci ba tare da ya rasa komai ba, kuma akwai hanyar yi wa mai shi magana a kan allonsa nan take. Duk waɗannan suna gaba da kisa.

Ka fara tabbatar da irin nauyin. Buga `uptime`. A ƙarshen layin za ka ga lambobi uku, wato matsakaicin nauyi na minti 1, minti 5 da minti 15 da suka wuce. Lambobin ba su da ma'ana su kaɗai sai ka gwada su da abin da `nproc` ya ba ka, wato yawan ƙwaƙwalen CPU. Nauyi 4 a kan na'ura mai ƙwaƙwale 4 yana nufin ta cika daidai, nauyi 12 kuwa yana nufin ayyuka na layi suna jira. Amma Linux tana ƙirga har ayyukan da suka maƙale suna jiran faifai a cikin wannan lissafi, saboda haka za ka iya ganin nauyi 20 alhali CPU na zaune ba ta komai. Wannan ciwon faifai ne ko na ma'ajiyar da aka jona ta hanyar sadarwa, kuma kashe aikin wani ba zai warkar da shi ba. Sai ka duba `free -h`, ka kalli ginshiƙin `available`, ba na `free` ba, domin Linux tana aron memorin da ba a amfani da shi ta ajiye fayiloli, ta kuma sake shi da zarar an buƙata.

Daga nan ka buɗe `top`. Babban harafin P yana jera ayyuka bisa cin CPU, M yana jera su bisa cin memori, 1 yana nuna kowace ƙwaƙwalwa daban, u yana ware ayyukan mutum ɗaya, q kuma yana fitar da kai. Idan ka ga aiki yana cin 380%, ba kuskure ba ne, ƙwaƙwale kusan huɗu yake amfani da su a lokaci guda. Idan kuma kana son hoto tsayayye da za ka karanta a natse, ga wanda ya fi amfani:

`ps -eo pid,ppid,user,tty,stat,etime,%cpu,rss,cmd --sort=-%cpu | head -15`

PID ita ce lambar aikin, PPID lambar uwar da ta haife shi, `etime` tsawon lokacin da ya yi yana gudana, `rss` kuma memorin da yake riƙe da shi a zahiri, da ma'aunin kilobayit. Akwai wani bambanci da ke ruɗar mutane. Lambar CPU da `ps` ke bayarwa matsakaici ce ta dukan rayuwar aikin, ta `top` kuwa ta 'yan daƙiƙun nan ce. Aikin da ya yi mako yana barci ya farka yanzu yana cin komai zai fito da ƙaramar lamba a `ps`, ya fito a saman `top`. Don sanin abin da ke faruwa a yanzu, `top` za ka gaskata.

Ginshiƙin `stat` ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zai gaya maka ko `kill` zai yi aiki ma. R yana gudana ko yana jiran layinsa. S yana barci na al'ada, kuma yawancin ayyuka haka suke. T an dakatar da shi. D yana jiran faifai ko wata na'ura, barcin da sigina ba ya katse shi. Ko ka buga masa `kill -9` sau goma, ba zai mutu ba sai abin da yake jira ya amsa. Z kuwa gawa ce: aikin ya riga ya mutu, ya saki memorinsa, abin da ya rage layi ɗaya ne a teburin ayyuka yana jiran uwarsa ta karɓi sakamakonsa. Ba a kashe gawa. Idan sun taru da yawa, uwar ce ke da laifi, ita za a gyara ko a sake tayarwa, sai PID 1, wato aikin farko da tsarin ke tayarwa, ta ɗauki marayun ta share su.

Kafin ka taɓa komai, ka san asalin aikin. A ce lambarsa 4312: `pstree -ps 4312` zai nuna maka silsilarsa tun daga PID 1 har zuwa shi. `systemctl status 4312` zai gaya maka ko yana ƙarƙashin wata hidima ce ta systemd, manhajar da ke tayar da hidimomin saba tana kula da su. Wannan na da muhimmanci, domin idan hidimar tana da saitin `Restart=always`, kana kashe shi za ta haifi wani da sabuwar lamba, ka kashe maciji ba ka sare kansa ba. Irin wannan da `systemctl stop` ake tsayar da shi. Idan sunan aikin bai gamsar da kai ba, `ls -l /proc/4312/exe` zai nuna ainihin fayil ɗin da ke gudana, `ls -l /proc/4312/cwd` ya nuna jakar da yake aiki a ciki, `ls -l /proc/4312/fd` kuma ya nuna fayilolin da ya buɗe. Na wani mutum sai da `sudo` za ka gani, wato umarnin da ke ba ka ikon shugaban tsarin. Jerin `fd` ɗin shi ne zai sanar da kai abin da zai lalace idan ka yanke aikin a tsakiya.

To, ka gano aikin, a ce lambarsa 4312, na mai amfani `dalibi7`. Yanzu ka nemi mai shi. Buga `w`. Zai nuna duk wanda ke ciki, taminal ɗin da yake kai, wato tagar da yake buga umarni a ciki, kamar `pts/3`, adireshin da ya shigo daga gare shi, lokacin da ya shigo, da ginshiƙin IDLE, wato tsawon lokacin da ya yi bai taɓa madannai ba. IDLE na daƙiƙa 20 yana nufin mutumin na zaune gaban allo. IDLE na kwana biyu yana nufin ya bar ƙofa a buɗe ya tafi. `who -T` kuma yana sa alamar + gaban wanda ke karɓar saƙo, da alamar - gaban wanda ya rufe.

Saƙo ga mutum ɗaya da `write` ake aika shi:

`write dalibi7 pts/3`

Bayan ka danna Enter sai ka rubuta abin da za ka faɗa. Kowane layi yana isa gare shi da zarar ka danna Enter, ba sai ka gama ba, saboda haka ka tsara maganarka tun kafin ka fara. Idan ka gama ka danna Ctrl+D, shi kuma zai ga `EOF` a allonsa. Idan yana son amsa maka, shi ma sai ya buga `write` da sunanka. In ya shiga ta taminal fiye da ɗaya kuma ba ka ambaci wanne ba, `write` zai zaɓi wanda aka taɓa kwanan nan. Ga saƙon layi ɗaya, wannan ya fi sauƙi:

`echo "Aikinka mai PID 4312 yana cin GB 28 na memori. Zan dakatar da shi da STOP nan da minti 5, ba zan kashe shi ba." | write dalibi7 pts/3`

Ka lura da abin da ke cikin saƙon: lambar aikin, abin da yake ci, abin da za ka yi, da yaushe. Mutumin da ya ga “ka rage aikinka” kawai bai san wanne ba, bai kuma san ko yana da lokacin adana abin da yake yi ba. Sannan wasu sigogin `write` da `wall` suna juya haruffan da ba na ASCII ba, wato waɗanda ba na Turanci zalla ba, su koma lambobi, don haka ka gwada aika wa kanka tukuna ka ga yadda ƙ da ɗ da ɓ za su fito.

Yadda abin ke aiki a ƙasa shi ne zai fahimtar da kai dalilin da yake ƙin aiki wani lokaci. Kowane taminal na SSH fayil ne a `/dev/pts/`, mallakin wanda ya shiga, a rukunin `tty`. `write` yana rubutu ne kai tsaye cikin wannan fayil. Umarnin `mesg y` yana ba rukunin izinin rubutu, `mesg n` yana janye shi, `mesg` shi kaɗai yana faɗa maka halin da kake ciki. Idan mutumin ya sa `mesg n`, za a ce maka ya rufe saƙo, sai dai idan kai `root` ne, wato shugaban tsarin, shi ba a rufe masa ƙofa. Idan kai ne ka rufe naka, `write` na iya ƙin aika naka ma, tun da ba za a iya amsa maka ba. Saƙon kuma yana faɗowa ne a kan duk abin da ke allon mutum, ko da yana tsakiyar rubutu a `vim` ko `nano`. Wannan kan tsorata sababbin shiga, su ɗauka fayil ɗinsu ya gurɓace. Bai gurɓace ba, rubutun a allo kawai yake, Ctrl+L zai wanke shi. Yana da kyau ka sanar da mutanenka wannan tun kafin ranar ta zo.

Akwai inda saƙon ba zai isa ba sam. Idan ginshiƙin `tty` na aikin ya nuna alamar tambaya, ba ya jone da kowane taminal: ko `cron`, mai tayar da ayyuka a kan jadawali, ne ya tayar da shi, ko mai shi ya bar shi da `nohup`, wanda ke hana aiki mutuwa bayan fitar mai shi, ya fita. Haka wanda ya bar aikinsa cikin `tmux`, manhajar da ke riƙe taminal a raye ko mai shi ya tafi, ya cire kansa, ko da saƙon ya shiga, babu idon da zai gan shi sai ya dawo. Waɗannan umarni ba sa ajiye saƙo kamar wasiƙa. Wanda ba ya nan, sai ka neme shi ta imel ko ta waya.

Yanzu matakin sassauci. Idan CPU ce matsalar, `sudo renice -n 19 -p 4312` zai mayar da aikin ƙarshen layi. Ma'aunin yana tafiya daga -20, mafi fifiko, zuwa 19, mafi ƙasƙanci, kuma bisa al'ada aiki yana farawa ne daga 0. Aikin zai ci gaba da gudana, sai dai duk lokacin da wani ya buƙaci CPU shi za a fara ba. Mai amfani na yau da kullum yana iya ƙara lambar aikinsa amma ba ya iya rage ta, wannan sai `root`. Iyakarsa ita ce bai shafi memori ba ko kaɗan, kuma a sabobin da ke raba CPU rukuni-rukuni, tasirinsa yana tsayawa ne tsakanin ayyukan rukuni ɗaya. Idan faifai aikin ke dannewa, a gwada `ionice -c 3 -p 4312`, ko da yake shi ma sai mai tsara layin faifan yana mutunta wannan saiti.

Idan sassauci bai isa ba, ga makamin da mutane da yawa ba su san da shi ba, kuma shi na fi so ka riƙe:

`sudo kill -STOP 4312`

Duk da sunansa, `kill` mai aika sigina ne, ba kowane sigina ne na kisa ba. STOP yana daskarar da aikin a inda yake. Ba ya ƙara cin CPU, ba ya ƙara karatu ko rubutu, kuma duk abin da ya lissafa yana nan a memori. `kill -CONT 4312` zai tashe shi ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Wannan yana ba ka lokacin neman mai shi ba tare da ka ɓata masa wahalarsa ba. Amma ka san abubuwa huɗu game da shi. Daskararren aiki yana nan riƙe da memorinsa, bai saki ko kilobayit ɗaya ba, sai dai ya daina ƙari. Yana nan riƙe da duk makullin da ya sa wa fayil ko rumbun bayanai, don haka masu jiransa za su ci gaba da jira. Idan yana magana da wata na'ura ta hanyar sadarwa, wancan ɓangaren na iya gajiya ya yanke. Na huɗu, idan aikin a gaban taminal ɗin mai shi yake gudana, shel ɗinsa, wato shirin da ke karɓar umarninsa, zai nuna masa `Stopped`, kuma in ka tashe shi da CONT zai koma gudana a bayan fage. Da ya nemi karanta wani abu daga madannai sai ya sake tsayawa. A irin wannan hali, ka ce wa mai shi ya buga `fg` da kansa.

Idan ta tabbata sai an kashe, a bi a hankali. `kill 4312` ba tare da wata lamba ba yana aika TERM, sigina na 15. Roƙo ne: aikin yana jin sa, ya rufe fayilolinsa, ya goge na wucin gadi, ya sallami 'ya'yansa, sannan ya fita. Ka ba shi lokaci. Daƙiƙa goma zuwa talatin ba su yi yawa ba, rumbun bayanai ma na iya buƙatar fiye da haka. Systemd kanta daƙiƙa 90 take jira bisa al'ada kafin ta yi amfani da ƙarfi. Ka duba da `ps -p 4312` ko yana nan. Idan ka riga ka daskarar da shi da STOP, TERM zai tsaya a ƙofa ne har sai ka bi shi da CONT, kuma nan ne mutane ke cewa TERM ya ƙi aiki alhali aikin bai samu damar jin sa ba. Wasu shirye-shiryen sun fi amsa INT, sigina na 2, wanda shi ne Ctrl+C ke aikawa. HUP, na 1, a yi hattara da shi: hidimomi irin su nginx da sshd suna ɗaukarsa a matsayin umarnin sake karanta saitinsu, amma aikin da bai tanadi komai a kansa ba mutuwa yake yi.

KILL, na 9, ba ya isa ga aikin ma. Zuciyar tsarin ce ke cire shi kai tsaye, ba ya iya kama siginan, ba ya iya ƙin sa, ba ya kuma samun damar share bayansa. Abin da yake bari shi ne fayil da aka rubuta rabi, fayilolin makulli da za su hana shirin tashi gobe, da 'ya'ya da za su ci gaba da gudana ba uwa. Idan `dpkg` ne aka yanke yana tsakiyar girka manhaja, sai an bi da `dpkg --configure -a` kafin a iya girka wata. Takardun rumbun bayanai na PostgreSQL ma sun yi gargaɗi a fili kan aika wa babban aikinta wannan sigina. Za ka gane yadda aiki ya mutu daga lambar fitarsa, domin shel yana ƙara lambar siginan a kan 128: 130 Ctrl+C ne, 143 TERM ne, 137 KILL ne. Idan wani ya zo maka da 137 alhali babu wanda ya taɓa aikinsa, ka duba `journalctl -k` ko `dmesg`, galibi memori ne ya ƙare tsarin ya zaɓi wanda zai sadaukar.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen kisa da suna. `pkill` yana kama duk sunan da ke ɗauke da haruffan da ka ba shi, ko a tsakiya suke. `sudo pkill sh` zai faɗa wa `bash` da `sshd` kan mai uwa da wabi, har da ƙofar da kai kanka ka shigo ta cikinta. Ƙa'idar ita ce duk abin da za ka ba `pkill`, ka fara ba `pgrep -a` shi, ka karanta jerin da idonka:

`pgrep -a -u dalibi7 python`

Idan jerin ya yi daidai, sai ka canja `pgrep -a` zuwa `pkill`. Zaɓin `-x` yana tilasta sunan ya dace cif, `-u` yana taƙaita ga mutum ɗaya. Sunan da suke dubawa haruffa 15 na farko ne kawai, don haka dogon suna ba zai kamu ba sai da `-f`, wanda ke duba dukan layin umarnin, kuma shi ya fi faɗin kamu, sai a ƙara kula. `killall` a Linux yana kashe masu suna ɗaya ne, amma a Solaris, wani tsarin daban da Linux, yana kashe kusan komai da ke na'urar, saboda haka kada hannunka ya saba da shi. Ka kuma kula da wurin da -1 ya zauna: `kill -1 4312` HUP ne ga aiki ɗaya, `kill -9 -1` kuwa kisa ne ga duk aikin da kake da iko a kansa. Sannan lambobin PID ana sake amfani da su. Lambar da ka rubuta da safe tana iya zama ta wani aiki da yamma, don haka ka sake duba ta dab da za ka danna Enter.

Rabin wannan wahala tana raguwa idan masu amfani sun iya riƙe nasu ayyukan. Ctrl+Z yana dakatarwa, `bg` yana tura aiki bayan fage, `jobs` yana lissafa su, `fg %1` yana dawo da na farko. Mai dogon lissafi ya fara shi da `nice -n 19` tun farko, cikin `tmux` ko da `nohup` don kada yankewar SSH ta kashe shi. Wanda yake tsoron aikinsa ya zarce, `timeout 6h` a gaban umarnin zai aika masa TERM bayan awa shida.

Saƙo ga kowa da kowa kuma na `wall` ne: `sudo wall "Za a sake tayar da saba da ƙarfe 9 na dare. A adana aiki."` Idan `root` ne ya aika, yana isa har ga waɗanda suka sa `mesg n`. Zaɓin `-g` yana taƙaita shi ga rukuni ɗaya. Tagogin taminal na cikin tebur mai hoto sau da yawa ba sa rajista a jerin masu shiga, saboda haka ba lallai su gan shi ba. Ka kuma tabbatar kunshin util-linux na sabarka, inda `wall` ya samo asali, sabo ne, domin a 2024 an bayyana wani rauni a `wall`, mai lamba CVE-2024-28085, wanda ke ba mai amfani na yau da kullum damar zana rubutun ƙarya a allon wasu, har da na neman kalmar sirri.

Idan sake tayarwa za ka yi, ba sai ka haɗa `wall` da hannu ba. `sudo shutdown -r +15 "Gyaran faifai, za a dawo nan da minti 10"` zai tsara lokacin, ya aika saƙon, ya riƙa maimaita shi yayin da lokaci ke matsowa. Saura minti biyar zai ƙirƙiri fayil ɗin `/run/nologin`, wanda ke hana kowa sabon shiga in ba `root` ba. Kafin lokacin ya cika ka sake buga `w`. Idan ka ga wani da IDLE na 'yan daƙiƙu yana tsakiyar aiki, ka yi masa `write` shi kaɗai ka tambaye shi minti nawa yake buƙata. Umarnin `sudo shutdown -c` zai soke shirin, ka sake sa wani lokacin.